Labarin dasashi a tambayi miyau

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. To akwai wani labarin da fuska ba ta bayarwa, madubi ma ba ya nuna shi sai ya yi nisa, shi ne labarin dasashi, wato naman nan da ke kewaye da gindin haƙora yana riƙe da su. Mutum na iya shekara goma cuta tana aiki a bakinsa, yana cin tuwonsa, yana tauna goronsa, yana dariya cikin mutane da fararen haƙora, bai san an fara yi masa ɓarna ba. Dalili kuwa shi ne, a ƙasar nan ciwo ne ma'aunin cuta. Abin da bai hana barci ba, bai hana fita kasuwa ko zuwa ofis ba, ba a lissafa shi cikin rashin lafiya. Ita kuwa cutar dasashi ba ta sallama, kuma ba ta ciwo sai ta ci rabin aikinta.

Ba ƙaramar cuta ba ce a duniya. A rahoton da Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fitar a watan Nuwamba na 2022, an ƙiyasta cewa mutane wajen biliyan 3.5 ne ke fama da wata cuta ta baki, kuma uku daga cikin huɗunsu suna zaune ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi. Cutar dasashi mai tsanani ita kaɗai ta kama fiye da mutum biliyan 1, wato kusan 19 cikin 100 na baligan duniya. Galibin waɗannan mutane sun manyanta, shi ya sa ake yi wa abin kallon kayan tsufa, kamar furfura da ciwon gwiwa. Amma giɓin da ake gani a bakin ɗan shekara 50, sau da yawa tun yana ɗan shekara 20 aka fara haƙa shi.

Yadda ɓarnar take farawa

Wanda ya taɓa bin gaɓar Gulbin Maraɗi bayan damina ya san yadda icce ke faɗuwa da ɗanyen ganyensa. Ba tsutsa ta ci shi ba, ba gatari aka sa masa ba. Ruwa ne ya yi ta zaizaye ƙasar gindinsa shekara da shekaru, har saiwa ta fito fili, wata rana iska kaɗan ta kada shi ya kwanta. Haka cutar dasashi take yi. Haƙorin na iya kasancewa lafiyayye, fari tas, babu ko ɗigon rami a jikinsa, alhali ƙasar da aka dasa shi ciki ce ke ƙarewa.

A cikin bakin ɗan Adam an gano ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani sun kai iri 700, mafi yawansu kuwa zaman lafiya suke yi da mai bakin. Kowace rana sukan taru su yi wata dauɗa mai yauƙi a inda haƙori ya haɗu da dasashi. In an goge ta, shi ke nan. In an bar ta, sai ta yi kauri, daga baya ta ƙandare ta zama kamar dutse, yadda asuwaki ko buroshi ba sa iya ɓamɓare ta. Jiki kuwa ba ya barin baƙo ya yi sansani a ƙofarsa, sai ya turo mayaƙansa, wato fararen ƙwayoyin jini. Daga nan dasashi ke yin ja, ya kumbura, ya riƙa zubar da jini da an taɓa shi. Wannan shi ne mataki na farko, kuma yana warkewa sarai.

An tabbatar da haka tun 1965 a birnin Aarhus na ƙasar Danmak, inda wani masani mai suna Harald Löe da abokan aikinsa suka nemi mutane 12 masu lafiyayyen baki, galibinsu ɗalibai matasa, su daina goge haƙora ɗungum. Cikin kwana 10 zuwa 21 dasashin kowannensu ya kumbura. Da suka koma gogewa, cikin kamar mako guda kumburin ya tafi. Wato dai a wannan mataki maganin yana hannun mai bakin.

Mataki na biyu shi ne mai haɗari. In yaƙin ya daɗe, makaman da jiki ke harbawa sukan koma su ci gidansu. Zaruruwan da suka ɗaure haƙori da ƙashin muƙamuƙi sai su tsittsinke, dasashi ya saki haƙori, wani ɗan aljihu ya buɗe tsakaninsu, ƙwayoyin cuta su sami maɓoya mai zurfi, ƙashin da ke ƙasa ya fara narkewa. Abin da ya narke kuwa ba ya dawowa da kansa. Likita na iya tsayar da cutar inda ta kai, amma mayar da ƙashin da ya tafi aiki ne mai wuya da tsada, ko a Turai.

Saurayin da ya yi wushirya da girmansa

Akwai wani saurayi, yaron shagon wani Alhaji mai sayar da atamfa a babbar kasuwar Maraɗi, wanda labarinsa ya yi kama da na samari da yawa. Tun yana lakwal yake ganin ɗan jini a bakin asuwakinsa da safe. Ya taɓa nuna wa mahaifiyarsa, ta ce zafi ne ya yi masa yawa, ta jiƙa masa tsamiya. Daga baya shi da kansa ya yanke cewa asuwakin ne ya cika tauri, saboda haka ya riƙa kauce wa wurin da ke jinin, ya goge inda ba ya jini. In abin ya dame shi, ya kurkure da ruwan gishiri ko ya tauna kanumfari. Da dare yana fada tare da abokai, ana shan shayi mai sukari har zagaye uku, ana miƙa wa juna karan sigari. Da ya fara shan sigarin sosai ma sai jinin ya ragu, ya ɗauka ya warke. Bai san hayaƙin taba na matse ƙananan jijiyoyin jinin dasashi ba, har alamar ta ɓace cutar kuwa ta ƙara sauri.

Yana da kamar shekara 25 abokansa suka fara yi masa ba'a wai ya yi wushirya, ƴan mata sun shiga uku. Shi ma abin ya yi masa daɗi, domin wushirya ado ce a ƙasar Hausa. Sai dai wushiryar gaskiya da ita ake tashi tun ƙuruciya. Wadda ta ɓullo wa mutum da gemunsa, alama ce ta cewa haƙora sun fara gusawa daga mazauninsu saboda abin da ke riƙe da su ya yi sanyi.

Bayan shekara huɗu, ana saura wata biyu a ɗaura masa aure, ya gatsa rake ya ji haƙorinsa na gaba ya motsa. A ranar ce ya fara taka ƙofar likitan haƙori a rayuwarsa. Aka zura masa ɗan tsinken awo a dasashi, aka ɗauki hoton ƙashi, wanda aka fi sani da radiyo. Likita ya nuna masa inda ƙashi ya kamata ya tsaya da inda ya koma.

Ya ce, "Likita, wallahi bai taɓa yi mini ciwo ba."

Likita ya ce, "Shi ya sa ka makara, malam. Da ya yi maka ciwo da tuni ka zo."

An ceto masa mafi yawan haƙoransa, biyu na gaba kuwa sai da aka cire. Kuɗin da ya tara don kayan lefe, wani kaso a nan ya tafi. Ɗan kasuwa da bakinsa yake ciniki, da fara'a yake jawo mai saye, ga shi yanzu in zai faɗi farashi sai ya kare bakinsa da hannu. Babu wanda ya cuce shi, ba kuma ƙazami ba ne, domin sau biyar yake kurkure baki kowace rana wajen alwala. Abin da ya rasa shi ne wanda zai gaya masa, tun yana ɗan shekara 18, cewa yana cikin mutanen da wannan cuta ke yi wa gaggawa.

Ba kowa take yi wa sauri ba

Wannan ita ce gaɓar da ta fi ɗaure wa likitoci kai. Mutum biyu na iya zama gida ɗaya, abincinsu ɗaya, sakacinsu ɗaya, ɗaya ya tsufa da haƙoransa, ɗaya ya zama wawulo kafin ya aurar da ɗiyarsa ta fari. Shi dai Harald Löe ɗin nan da abokansa sun bi diddigin ma'aikata maza 480 a gonakin shayi na ƙasar Siri Lanka daga 1970 har tsawon shekara 15. Mutanen nan ba su san buroshi ba, ba su taɓa ganin likitan haƙori ba, kusan dukansu dasashinsu a kumbure yake. Sakamakon da aka buga a 1986 ya nuna cewa 11 cikin 100 cutar ba ta wuce kumburi ba a wurinsu, 81 cikin 100 ta riƙa cin su sannu a hankali, 8 cikin 100 kuwa ta yi musu sukuwa. Waɗannan na ƙarshe tun suna shekara 20 suka fara zubar da haƙora, kafin su kai 45 babu sauran ko ɗaya.

Akwai kuma wani abu da ya shafi wannan yanki na duniya kai tsaye. Cikin ƙwayoyin cutar baki akwai wata da ke da wani jinsi da masana suka laƙaba wa suna JP2, wanda ke fitar da dafi mai yawa da ke kashe fararen ƙwayoyin jini. An fi samun wannan jinsi a bakin mutanen Afirka ta Arewa da Afirka ta Yamma da zuriyarsu a wasu ƙasashe. A birnin Rabat na Maroko an auna ƴan makaranta, aka sake duba 428 daga cikinsu bayan shekara biyu. Sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna cewa yaran da ke ɗauke da JP2 haɗarin kamuwarsu da cutar ya ninka na waɗanda ba su da ƙwayar har sau 18. Wani bincike irinsa da aka yi kan matasan ƙasar Gana, aka buga a 2014, ya ƙarfafa wannan magana. A irin waɗannan matasa cutar kan fara ne da haƙoran gaba da turamen farko, sau da yawa kuma bakin nasu tsaf yake a ido.

Tambayar ke nan: cikin samari ɗari da ke zaune a fada, ko ƴan mata ɗari da ke ajin ƙarshe na lise, ta yaya za a gane ƴan kaɗan ɗin da cutar za ta yi wa sauri, tun kafin ƙashi ya tafi?

Hanyar da aka saba da ita tana da nauyi. Likita kan zura siririn tsinken ƙarfe mai zanen milimita tsakanin haƙori da dasashi. In zurfin bai wuce milimita 3 ba, lafiya lau. In ya kai 4 ko fiye, aljihu ya buɗe. Cikakken awo yana bukatar a gwada wuri shida a kowane haƙori, wato wuri 168 a bakin mai haƙora 28. Aiki ne na ƙwararre, mai cin lokaci. Bugu da ƙari, tsinken da hoton ƙashi duka ɓarnar da ta riga ta faru suke nunawa, kamar ɗan kasuwar da bai san yaronsa na yi masa sata ba sai ranar da aka zauna lissafin shekara.

Abin da miyau ke ɗauke da shi

A nan ne miyau ya shigo. Manyan maɓuɓɓugai shida ne, uku a kowane gefen fuska, tare da ƙanana masu yawa, ke zubo da shi, daga rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi kowace rana. Kusan 99 cikin 100 nasa ruwa ne. A ɗan abin da ya rage ne labarin yake. Daga tsagin da ke tsakanin haƙori da dasashi wani ruwa na tsatsowa kullum yana gauraya da miyau, in kuwa ana yaƙi a wurin, ruwan yakan fito da tarkacen yaƙin: ƙwayoyin cutar, da makaman da jiki ya harba, da ɓurɓushin abin da aka rushe. Tofi ɗaya ya zagaya haƙora duka, saboda haka yana kawo labarin baki gaba ɗaya a lokaci guda, ba tare da allura ko zubar da jini ba.

Abubuwa uku masana suka fi nema a ciki. Na farko shi ne ɓoyayyen jini, wanda ido bai kai ga gani ba. A ƙasar Japan akwai ƴar takardar awo da ake tsomawa cikin ruwan kurkurar baki don gano shi. Na biyu su ne ƙwayoyin cutar kansu, waɗanda ake ganewa ta hanyar tantance ƙwayar gadonsu a ɗakin bincike. Masu binciken Maroko sun nuna daga baya cewa ana iya samun JP2 cikin miyau, kuma matasan da ke da ita da yawa su ne suka fi samun sakin dasashi. Na uku su ne sinadaran da jiki ke fitarwa yayin yaƙin.

Cikin waɗannan sinadarai wanda aka fi yin nisa da shi ana ce masa MMP-8. Fararen ƙwayoyin jini ne ke sakin sa, aikinsa kuwa kamar na almakashi ne, yana yanka zaruruwan da suka ɗaure haƙori. In almakashin na kube ba ya ɓarna, sai an zare shi. Farfesa Timo Sorsa na jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan da abokan aikinsa sun shafe shekaru suna neman hanyar gane zararren kawai, daga ƙarshe aka fito da wani ɗan ma'auni mai suna PerioSafe, wanda wani kamfanin Jamus ke ƙerawa. Duk wanda aka taɓa yi wa awon zazzaɓin cizon sauro na nan take a CSI zai gane shi da gani. Mutum zai kurkure bakinsa da ɗan ruwa mai tsabta na rabin minti, ya tofa a ƙaramin kofi, a tace, a ɗiga a kan ma'aunin. Bayan kamar minti biyar, in zane ɗaya ya fito babu damuwa, in biyu suka fito to almakashi na aiki. An gwada shi kan manya a Najeriya, aka buga sakamakon a 2014, an kuma gwada shi kan matasa ƴan shekara 15 zuwa 17 a garin Kotka na Finlan, aka buga a 2016. A wuraren biyu ya nuna yana iya ware masu matsala daga masu lafiya.

Wani bincike a birnin Newark na Amurka, wanda ya fito a 2009, ya ƙara ba da fata. An riƙa ajiye miyan ƴan makaranta ana duba su lokaci zuwa lokaci. Da wasu ƴan kaɗan suka fara rasa ƙashi, aka koma kan miyansu na baya, sai aka tarar wani sinadari ya riga ya hauhawa wata shida zuwa tara kafin hoto ya nuna komai. Yaran ba su da yawa, don haka ba a yanke hukunci da wannan kaɗai ba, amma ya nuna cewa miyau na iya riga hoto kawo labari.

Iyakar abin da awon zai iya

Ɗan kasuwa na gari ba ya sayen haja da kirarin dillali, sai ya warware ya duba. Awon miyau na da iyakarsa. Yana iya cewa akwai ɓarna a baki, amma ba zai faɗi ko wane haƙori ba ne. Shan taba, da wasu magunguna, da wata cutar daban a jiki, har ma da abin da mutum ya ci kafin awon, suna iya karkata sakamako. Binciken da aka yi a wasu ƙasashe ya nuna ma'aunin yakan tsallake wasu masu cutar, musamman waɗanda ba ta yi nisa a wurinsu ba, wato mutanen da aka fi son kamawa. Shi ya sa masana da yawa ke ganin sai an haɗa sinadarai biyu ko uku, tare da ƴan tambayoyi kan taba da ciwon sukari da tarihin iyaye, kafin a dogara da shi. Da manyan likitocin dasashi na Turai da Amurka suka taru a birnin Shikago a 2017 suka sake tsara matakan cutar, tsinken awo da hoton ƙashi suka riƙe a matsayin ginshiƙi, suka bar wa awon sinadarai gurbi don nan gaba. Ga kuma tsada, domin ma'auni ne da ake amfani da shi sau ɗaya a yar.

Mafi girma duka, awo ba magani ba ne. Zane biyu a kan ma'auni ba sa kankare dauɗar da ta ƙandare. Sai an sami mai ilmi da kayan aiki ya kankare ta har ƙarƙashin dasashi, ya koya wa mutum yadda zai kula da wurin, ya sake duba shi bayan ƴan watanni. A gaya wa saurayin ƙauye cewa yana da cuta alhali babu inda zai je, ƙara masa damuwa ne kawai.

Duk da haka, inda likitoci suka yi ƙaranci nan ne irin wannan awo zai fi amfani. Alƙaluman OMS sun nuna yankin Afirka na da likitocin haƙori kamar 3 ga kowane mutum 100,000, kusan kashi ɗaya cikin goma na matsakaicin duniya. A Nijar ƴan kaɗan ɗin da ake da su a manyan birane suke, musamman Yamai, ga shi kuma kusan rabin al'ummar ƙasar ba su kai shekara 15 ba. Babu ranar da za a zura wa kowane matashi tsinke a wuri 168. Amma ma'aikacin jinya a CSI, ko mai kula da lafiyar ɗalibai a lise, yana iya miƙa kofi ya jira minti biyar, ya ware goma cikin ɗari ya tura su birni. Haka aka yi da zazzaɓin cizon sauro: awon da a da sai mai na'urar hangen ƙwayoyin cuta, yau ana yin sa a ƙaramar likitar ƙauye. Ƙasar da ke da sassan koyar da aikin likita a jami'o'in Yamai da Maraɗi da Damagaram, ga cibiyar bincike ta CERMES, tana da waɗanda za su iya auna miyan ƴaƴanta su gane ko ma'aunin da aka tsara a Finlan ya dace da bakin Bamaraɗe. Nijar kuwa ba baƙuwa ba ce ga sharrin cutar da ke farawa daga dasashi. Noma, mai cinye fuskar ƙananan yara masu tamowa, da gyambon dasashi take farawa, kuma tun 1992 ƙungiyar Sentinelles ke kula da masu ita a Damagaram. Cuta ce daban, amma darasinta ɗaya ne: wanda ya leƙa baki da wuri shi ke ceton fuska.

Awon da ba ya bukatar ko dala

Kafin ma'aunin Turawa ya iso kantin magani na unguwa, akwai awon miyau da kowa ke yi kowace safiya ba tare da ya lura ba. Duk wanda ya goge baki sai ya tofar. To ya dubi abin da ya tofar. Lafiyayyen dasashi ba ya jini don an goge shi, kamar yadda lafiyayyen hannu ba ya jini don an wanke shi. Jan da ke bakin asuwaki, ko a kumfar man goge haƙori, ko a jikin ɓarin goro da mangwaro, shi ne zane na biyu. Mai cin goro ya yi awon nasa da asuba kafin ya sa komai a baki, don kada jan goro ya rufe jan jini.

Wanda ya ga haka kada ya guje wa wurin da ke jinin, nan ne ma ya fi bukatar gogewa. A bi layin da haƙori ya haɗu da dasashi a hankali, ciki da waje, safe da dare, da buroshi mai laushi ko asuwakin da aka tauna bakinsa ya yi taushi. Asuwaki sunna ce, kuma yana aiki in an iya shi, sai dai mutane da yawa a haƙoran gaba suke tsayawa, su bar na ciki da tsakankaninsu. In an yi mako biyu ana haka jinin bai tsaya ba, lokacin ganin likita ya yi. Haka nan wanda warin baki ya ƙi barinsa, ko ya ga haƙoransa sun ƙara tsawo, ko mugunya na fita daga dasashi, ko sabuwar wushirya ta ɓullo masa. Wanda mahaifinsa ko yayarsa suka zubar da haƙora da ƙuruciya, ya je tun bai ga komai ba, ya kuma tafi da ƙannensa. Mai ciwon sukari ya ninka kula, domin cututtukan biyu suna ƙara wa juna ƙarfi. Mace mai ciki da dasashinta ke jini ta faɗa wa ungozoma ranar awo, kada ta ce ai halin ciki ne. Mai shan sigari kuwa ya sani cewa rashin ganin jini a wurinsa ba shaidar lafiya ba ce.

Akwai nauyi a kan manya ma. Alhajin da ke da yara goma a shago, wanda ba ya barin motarsa ta wuce lokacin juyen mai, bai kamata ya bar yaransa su kai shekara 30 ba wanda ya taɓa leƙa bakinsu ba. Ma'aikatun da ke neman takardar shaidar lafiya kafin su ɗauki ma'aikaci, da makarantun da ke neman ta kafin su karɓi ɗalibi, suna iya sa a duba dasashi yadda ake auna jini da ido. Ranar 20 ga Maris ta kowace shekara, wadda aka keɓe wa lafiyar baki a duniya, ta isa a kai wannan magana fadojin samari da gidajen rediyo.

Bahaushe ya daɗe da sanin darajar miyau. Da shi malam ke yi wa yaro tofi, da shi ake cewa dattijo ya tofa albarkacin bakinsa. Yanzu ilmin zamani ya gano cewa yana kuma ɗauke da labarin abin da ke tafe, ga mai son ji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haƙori kuwa tun yana tsaye ake ceton sa. Allah Ya sa a tsufa ana tauna da na kai, amin.